Sallamar Yaya a Mashigin Alkalawa

Ni na kawo shawarar sayen oba-oba, rediyon hannun nan da ake magana da shi ba sai da layin waya ba. A shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu saboda mutanen daji, mu uku ne muke jigilar kaya da a-kori-kura: ni, da Yaya wanda nake bi, da taubashinmu, ɗan ƙanwar babanmu. Kowa da motarsa, amma tare muke fita, tare muke dawowa. Mukan kwaso gero da dawa daga ƙauyukan Isa, can wajen Turba, mu kawo Sabon Birni, in kasuwar ƙetare ta zagayo mu shiga Nijar mu dawo da dabino da kanwa. Kwalta mun daɗe da haƙura da ita, don a kanta ake tare mutane. Burtali muke bi, da gefen gonaki, da cikin busassun rafuka, inda in motarka ta kafe a yashi babu mai ganinka sai Allah.

Abin da ya tunzura ni shi ne wata rana da nake can baya, motata ta nutse a wani rafi har ta zauna da ciki. Su biyun suka yi gaba abinsu, ƙura ta rufe musu madubi, sai da suka kusa Kurawa sannan wani ya tuna yana da ƙane. Na yini ina haƙa da shebur, ina cusa kara a ƙarƙashin taya, wayata tana aljihu ba ta tsinana mini komai sai nuna lokaci. Da suka dawo, taubashina ya leƙo ta taga ya ce ai da na gaya musu rijiya na tsaya ginawa, da sun taho mini da guga. Ban yi dariya ba. Ni dama ba ni da dogon haƙuri, kuma a ranar na rantse ba zan sake shiga daji ba sai da abin da zan kira ɗan'uwana da shi.

A wata kasuwar ƙetare muka samu oba-obar, a shagon wani mai sayar da fitilu da faifan sola, mutum mai zaƙin baki da ke cakuɗa Hausa da Faransanci. Iri uku ya baje mana a kan tebur. Akwai ƙanana masu launi, eriyarsu gajera kuma ba ta cirewa, da gani ka san na wasan yara ne. Akwai babba wadda ake ɗaurewa a gaban mota a jona da batir, ita ce mai dogon zango, amma duk shingen da ka je sai an gan ta, sai ka yini kana rantsuwa cewa kai ba ɗan aiken kowa ba ne. Sai ta tsakiya, baƙa, mai cika hannu, wadda ake kwance mata eriya a ɗaura doguwa, a kuma yi mata caji a cikin mota. Mai shago ya ce daga nan har Sakkwato za mu ji juna. Na ce masa in haka ne ya kira mini wani a Sakkwato mu gaisa. Muka tura taubashi da guda ɗaya ya yi ta tafiya, muna jin sa sarai har ya kai kara inda ake sayar da dabbobi, yana shiga bayan katangar masu awo muryarsa ta fara tsinkewa.

Yaya bai damu da wannan gwaji ba. Ya ɗauki kowacce ya jinjina a tafin hannu, ya zaɓi baƙar, ya ce abu mai nauyi shi ke daɗewa. Haka yake sayen komai, har kankana.

A ƙofar gidanmu muka haɗa su, a inuwar dalbejiya. Doguwar eriyar tana da mayen ƙarfe a gindinta, sai ka ɗora ta a tsakiyar rufin mota ta kama kam. Da farko na ɗora tawa a gefe, kusa da ƙarfen da muke ɗaure buhu, sai ta riƙa shiii kamar ana suyar ƙosai, da na mayar da ita tsakiya ta yi shiru. Muka zura wayar eriyar ta saman ƙofa, muka naɗe da robar taya don kada ƙaya ta tsinke ta. A kan oba-obar akwai wani ɗan abin murɗawa mai canza tasha. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, a wata muka ji masu gadi na hira, a wata muka ji wani yare da ba mu sani ba, har muka dace da wadda ba kowa. Na ɗiga farin fenti a daidai wurin a kan duka ukun, don kada wani ya murɗe ya ɓata. Muka kuma kai su gaban mai unguwa da masu tsaron hanya, aka gani, aka san namu ne, aka san dalili.

Tafiya biyu ko uku ta isa ta koya mana halinsu. A kan tudu suna kai murya nesa, a cikin kwari kuwa sai ka ga motar mutum amma ba ka jin sa. In dai ka ji murya tangaran, to mai ita bai yi nisa ba. Kuma ba kamar waya ba ce, duk mai irin ta da ya faɗo tasharku yana jin ku, ku ba ku san yana nan ba. Saboda haka muka kafa doka: ba kiran suna, ba faɗin gari, ba faɗin abin da aka ɗauko. Yaya shi ne na gaba, ni na tsakiya, taubashi na baya, kuma da haka muke kiran juna.

Yaya ya bi duk dokokin, amma kalmar oba ɗin nan da ake faɗa in an gama magana, ya ce ba da bakinsa ba. Shi in zai yi magana sai ya latsa, ya yi gyaran murya, sannan ya yi sallama cikakkiya, a hankali, har da wa barakatuhu. Kuma ba zai ƙara ko harafi ba sai an amsa masa. Sau nawa ina faɗawa rami, kai na bugun rufi, sannan in ji ya ce, “Na tsakiya, akwai rami gabanka.” Na yi faɗa, taubashi ya yi tsiya, ya ce wata rana za a ƙwace motar Yaya yana kan wa rahmatullahi. Yaya ya yi murmushi ya ce, “Kunnen mutum ma gida na. Ba a shiga gidan mutum ba sallama.” Da haka muka saba, har in na ji gyaran muryar nan bakina ya riga ya shirya amsa.

Bayan kaka ne abin ya faru, da rana tsaka. Akwai wani mashigi a ƙasan kufan Alkalawa, inda hanya ke gangarawa cikin yashi tsakanin sabara da geza kafin ta hau ɗaya gefen. A nan mukan tsaya mu rage iskar taya, mu ba juna rata, don in na gaba ya kafe kada na baya ya toshe masa. Yaya ya gangara, ƙurarsa ta ɓace mini a bayan kwana. Ina zaune ina jira ya ce in taho, sai oba-oba ta yi ƙaras. Babu gyaran murya, babu sallama.

“Ku koma.”

Shi ke nan abin da ya ce. Da wani ne ya faɗa da na tsaya tambaya, amma Yaya ne ya yi magana ba sallama. Na juya mota a cikin gonar mutane, taubashi ya riga ni juyawa, muka yi ta gudu ba mu tsaya ba sai cikin gari. Washegari da muka koma tare da masu tsaro, muka tarar da motar a tsakiyar mashigi, ƙofofi a buɗe, an kwashe kaya. Eriya tana nan tsaye a kan rufi, an yanke wayarta. Takalminsa ɗaya yana ƙarƙashin sitiyari. Babu jini, babu Yaya, babu oba-obarsa.

Muka zauna jiran saƙo, don haka suka saba, in sun ɗauki mutum sai su aiko. Ba su aiko ba. Dattawa suka bi ta hannun masu shiga da fita, kowa ya dawo ya ce ba a san da shi ba. Wasu da aka sako daga daji muka je muka gaishe su, muka kwatanta musu shi, dogo, mai tsagen Gobirawa, mai yawan gyaran murya. Suka girgiza kai. Matarsa ta rame, amma kullum sai ta share ɗakinsa ta kaɗe shimfiɗa.

Ciki ba ya jiran kowa, dole muka koma hanya, mu biyu. Muka bar mashigin, muka samo wata hanyar ta kan tudu wadda ke zagaye kufan ta arewa, ta fi tsawo, ta fi duwatsu, amma kana hango abin da ke gabanka. Taubashi ya ce mu canza tasha, tunda ta ukun tana hannun da ba mu sani ba. Gaskiya ya faɗa. Muka murɗa zuwa wata, muka bar farin fentin a inda yake.

Ranar da muka fara bi ta tudun, da na hango bishiyoyin mashigi daga nesa, hannuna ya kai kan abin murɗawa ya mayar da shi kan farin fenti. Ban yi niyya ba, kuma ban sa ran komai ba. Rana ta take, iska ba ta motsi, injin yana gurnani a giya ta biyu. Sai na ji ƙaras. Sai gyaran murya.

“Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.”

Na taka birki har buhunan baya suka zamo. Muryar Yaya ce, babu tantama, kuma tangaran take kamar yana kujerar gefena. Ya yi shiru gwargwadon yadda mutum zai jira a ƙofar gida, ya sake yin sallama. Ya jira, ya yi ta uku. Daga nan sai shiru. Babban yatsana yana kan abin latsawa, gumi na zuba, amma ban latsa ba. Mun sha jin yadda suke sa wanda suka kama ya kira 'yan'uwansa don su san akwai mota a kusa. A bayan motata akwai mata 'yan kasuwa da wani tsoho da jikarsa. Na sa giya na wuce, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan rana ba, ko da yake na san daidai na yi.

Da muka isa gari na ja taubashi gefe zan gaya masa, sai na ga idonsa ya yi ja. Ashe shi ma ya murɗa. Mutumin da ba ya rufe baki, ranar ko shayi bai iya sha ba. Muka yi alkawari ba wanda zai amsa, ko da me za mu ji.

Daga nan ya zama kullum. Duk ranar da muka bi tudun, da mun daidaita da mashigi, sai gyaran murya, sai sallama uku, sai shiru. Bai taɓa ƙara kalma ba, bai taɓa ragewa ba. Na je na tambayi limamin unguwarmu hukuncin wanda aka yi wa sallama ya ƙi amsawa don tsoro. Ya ce in amsa a zuci, Allah yana gani. Ina amsawa a zuci, amma zuci ba ta da eriya, kuma ni na san Yaya ba ya ci gaba da magana sai ya ji da kunnensa.

Ni mutum ne mai son sanin dalilin abu. Da taubashi ya ce batirin nan ai ya ci a ce ya mutu tuntuni, na ce suna da faifan sola a daji, har fanka suke kunnawa. Da ya ce ta yaya suke sanin lokacin da muke wucewa, na ce ƙurarmu suke hangowa. Wani manomi a ƙauyen Alkalawa, da muka tsaya shan ruwa, ya ce kufan nan ai da masu shi, shi kansa ya sha jin daka a cikinsa da rana tsaka alhali ko bukka babu. Na ce masa yunwa ce ke sa shi jin turmi. Amma akwai abu ɗaya da na kasa samar wa dalili, kuma ban gaya wa kowa ba. In mutum ya latsa oba-oba, ba muryarsa kaɗai ke zuwa ba, wurin da yake ma yana biyo ta. Kana jin iska, ko kukan akuya, ko tarin wani, ko ƙarar babur. Na riƙa kashe injin ina manna ta a kunne. A bayan muryar Yaya babu komai, ko numfashin da mutum ke ja kafin ya yi magana babu.

Matarsa kam na gaya mata mun ji shi, don na kasa kallon yadda take ƙarewa. Ranar ta ci abinci. Tun daga nan duk dawowar da zan yi tana bakin zaure, ba ta tambayar gajiya, sai dai ta ce, “Kun ji shi?” In ce mun ji shi. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma ciki. Da wannan ta rayu har rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka. Mu muka shuka masa gonarsa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa tambayata ba. Yaya ɗan farinta ne, kuma ita irin mutanen da ne masu tsananin alkunya. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa magana ba. In tana son ya ji abu, sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa mini, ta ce a gaya wa wancan. Da aka ɗauke shi mata suka cika gida suna kuka, ita tana gefe tana tsince wake. Har haushinta na ji a lokacin, Allah ya yafe mini.

Wata safiya cikin damina na fito zan tayar da mota, sai na tarar da ita zaune a kujerar gaba, da hijabinta na zuwa unguwa, da carbi, da 'yar butarta a ƙasa. Inna da ba ta shiga mota sai in asibiti za a kai ta.

Na ce, “Inna, lahiya? Ina za ki?”

Ta ce, “Inda kuka zuwa.”

“Inna, hanyar ga ba ta tsohi ba ta. Gero ya yi tsawo, mutum na iya ɓoyewa ko'ina.”

Ta dubi gaba, ba ta dube ni ba. “An ce wancan na sallama wata da watanni, ba mai amsa mai, awa wanda yat taho gidan da ba mutane. Ni ban mutu ba tukuna. Tada mota.”

Na roƙe ta, na kira taubashi ya roƙe ta, har ya gwada yi mata wasa ya ce in an tare mu ita zai bayar ya gudu. Ko gezau. Na san Inna, in ta kafe ta fi mota a yashi wuyar fitarwa. Na sauke fasinjojin da na yi wa alkawari, na ce su bi wata motar. Muka fita, ni da ita a gaba, taubashi yana bin mu a baya kusa-kusa.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta yi santsi, gero ya rufe gefe da gefe har yana shafar madubi. Ba mu haɗu da kowa ba, ko mai noma, ko mai kiwo. Da muka fara hawan tudun na rage gudu, na murɗa oba-oba zuwa kan fari, na miƙa mata.

Na ce, “Inna, saurare kawai za ki yi. Kin ga wanga wuri na gehe? In kinka latsa shi, dut wanda ad da irin ta cikin dajin ga ya ji ki, kuma ya san muna kusa. Don Allah kar ki taɓa shi.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta shigar da ita cikin hijabi, ta rungume a ƙirji. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Bishiyoyin mashigi suka bayyana a hannun dama, kore shar, hadari yana haɗuwa a bayansu. Har na fara addu'ar kada yau a ji komai. Sai ƙaras, daga cikin hijabin Inna. Sai gyaran murya. Na ga kafaɗunta sun motsa.

“Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.”

Ba ta bari ya yi ta biyu ba. Ta sunkuyar da kai cikin hijabi ta amsa masa, cikakkiya kamar yadda ya yi. Sannan ta kira sunansa. Sunansa na yanka, a bakin Inna, da muryar da ban san tana da ita ba. Na ce, “Inna!” amma kamar ba ta ji ni ba. Na taka mota da ƙarfi, baya yana wutsil-wutsil a cikin laka, idona ɗaya a hanya ɗaya a cikin gero, ina jiran in ga babura sun ɓullo. Ita kuwa magana take yi a natse, kamar suna zaune a tsakar gida.

“Matarka na nan lahiya. Ɗiyanka na nan lahiya, ƙaramin ya hwara tahiya. An shibka gonarka, gero ya yi kyau. Ba ka da bashin kowa, ƙanenka ya bincika. Ni kau ban taɓa hwaɗa maka ba, amma ba ka taɓa ɓata min rai ba, tun kana goye. Na yahe maka duniya da lahira. Ka ji?”

Shiru ya biyo baya, mai tsawo, har muka fara gangara ɗaya gefen tudun, inda a ƙa'ida murya ke fara tsinkewa. Sai ƙaras.

“To, Inna. Na ji.”

Wallahi kuka na fashe da shi, ina dukan sitiyari. Wata da watanni ba mu ji komai ba sai sallama, yau ga shi ya yi magana, ya gane ta, ya amsa. Yana da rai, yana da hankalinsa, kuma yana kusa. A cikin kaina har na fara lissafin wanda za mu tura da wanda za mu roƙa. Haushin ta karya doka da murnar ta karya ta suka haɗe mini wuri guda. Ban tsaya ba sai da muka shiga wani ƙauye kusa da Kurawa, na faka a gindin tsamiya inda mutane suke.

Taubashi ya faka a bayana, ya fito da oba-obarsa a hannu, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Ya ja ni bayan mota.

Ya ce, “Kai, wa Yaya ka amsa ma?”

Na ce, “Inna mana. Ba ka ji ta ba? Har sunanai ta kira, ni na ɗauka yau mun ƙare.”

Ya ce, “Ni ban ji Inna ba. Sallama nij ji, guda ɗai, sai shiru, sai nij ji ya ce to Inna na ji. Ba wanda yay yi magana tsakani.”

Na ce ƙarya ne, ko dai tasa ta lalace. Yana bayana, tazarar da ko tari na yi a oba-oba sai ya ji. Na je na karɓi tawa a hannun Inna, na latsa na ce gwaji, muryata ta fito a tasa tangaran har wasu yara suka waiwayo. Na tsaya riƙe da ita a bakin taga ina duban Inna. Tana jan carbi, idonta a bushe.

Na ce, “Inna, kin latsa kuwa?”

Ta ce, “Ka ce kar in latsa.”

“To ai kin yi magana.”

“Na yi. Amma kai ac cikin motar ga, ga ɗan'uwanka biye. In rasa guda, in miƙa musu biyu da hannuna? Ban taɓa wurin ba.” Ta gyara hijabi. “Wanda ad da rai ba ya jin abin da ba a aika mai ba. Juya mu koma gida.”

Na buɗe baki in kawo dalili, irin yadda na saba. Na ce wataƙila hannunta ya danne ba ta sani ba, wataƙila tudu ne ya tare taubashi, wataƙila dama abin da zai faɗa ke nan. Ta bar ni na gama. Ni ma da nake faɗa ban yarda da ko ɗaya ba. Muka bar kasuwar ranar, muka juya ta doguwar hanya, ruwa ya tsuge mana tun kafin mu kai rabi. Na sha bi ta tudun nan bayan wannan rana, na sha murɗawa kan fari in kashe injin in jira, ban sake jin ko ƙaras ba.

La'asar ta yi sanyi muka iso gida. Matar Yaya tana bakin zaure da ƙaramin a goye, ta ga mun dawo da wuri, ta ga Inna ta fito daga mota. Ta dube ni ta ce, “Kun ji shi?”

Sai na faɗa mata gaskiya. Na ce mun ji shi, har ya yi magana, ya amsa wa Inna. Ta dafe ƙirji, fuskarta ta washe, rabon da in ga haƙoranta tun kafin a ɗauke shi. Ta fara tambaya, me ya ce, yana lafiya, ya tambaye su?

Inna ta kama hannunta ta ja ta cikin gida, na bi su a baya. Ta kwance yaron daga bayanta ta miƙo mini. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Yaya, ta zaunar da ita, ta zauna a gabanta. Matar tana ta waiwayowa tana dubana, murmushin bai gama barin fuskarta ba, lokacin da Inna ta sa hannu a hankali ta fara cire mata 'yan kunne, kamar yadda ake yi wa mai shiga takaba.